Darasi na Goma Sha Huɗu: Neman Gurbin Karatu a Makarantar Koyon Aikin Jinya

Garin Diko yana cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, ba nisa da Suleja. Matafiya sun fi saninsa da mararrabarsa, inda hanyar Minna ta rabu da babban titin da ya haɗa Abuja da Kaduna. Ranar Asabar, 18 ga Janairu, 2025, wata tankar man fetur da ta faɗi a wannan mararraba ta kama da wuta. Fiye da mutum 80 suka rasa rayukansu, wasu da dama kuma suka ƙone, aka kwashe su zuwa asibitocin Suleja da na maƙwabta. A irin wannan hali likita yakan duba majinyaci, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Wanda ke wanke ƙuna kowace safiya, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya lura da numfashin majinyaci da tsakar dare, shi ne ma'aikacin jinya, wanda jama'a suka fi sani da nas.

Da yake aiki ne da ake damƙa wa mutum ran ɗan'uwansa, hukuma ba ta bar ƙofarsa a buɗe ga duk wanda ya ga dama ba. Kowace shekara masu neman shiga makarantun jinya suna ninka yawan guraben da ake da su. Wasu sha'awar taimako ce ke kawo su, wasu ganin cewa nas ba ya daɗewa bai sami aiki ba, wasu kuma burin fita waje. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. A wannan darasi za mu bi ɗalibin da ke zaune a Diko, mu ga matakan da zai taka tun daga babbar sakandare har zuwa ranar da gurbin zai zama nasa na haƙiƙa. Za ku ga cewa ranar nan tana zuwa ne watanni bayan an miƙa masa takardar shiga makaranta.

Wa yake ƙayyade yawan gurabe?

An kafa Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma a 1979, kuma hedikwatarta tana Abuja. Ita ce doka ta ɗora wa alhakin tsara manhajar karatu, da amincewa da makarantu, da shirya jarrabawar ƙarshe, da ba da lasisin aiki. Kafin ta amince da makaranta takan tura masu bincike su duba azuzuwa, da ɗakin karatu, da ɗakin gwaji inda ɗalibai ke koyon aiki a jikin mutum-mutumi, da yawan malamai. Haka kuma sukan duba asibitin da ɗalibai za su je koyon aiki, su ga yawan gadajensa da irin majinyatan da yake karɓa. Daga abin da suka gani ne Majalisa take yanke wa makarantar adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka a shekara.

Dalilin wannan ƙayyadewa a fili yake. Ana iya koyar da Tarihi ga mutum ɗari uku a zaure ɗaya, amma ba a koyon yin allura ko karɓar haihuwa ta haka. Sai ɗalibi ya tsaya kusa da gado, ya ga hannun gwani, sa'an nan ya yi da nasa hannun ana kallonsa. Idan ɗalibai hamsin suka taru a kan majinyaci ɗaya, babu wanda zai koyi kome, majinyacin kuma ya wahala. Saboda haka ko shugaban makaranta yana son taimakon kowa, hannunsa a ɗaure yake. A 'yan shekarun nan Gwamnatin Tarayya ta faɗaɗa guraben, amma masu nema su ma ƙaruwa suke yi.

Wani abin lura ga ɗan Diko shi ne hukumomin da ke riƙe da wannan al'amari duk suna kewaye da shi. Hedikwatar NECO tana Minna, ta JAMB tana Bwari, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa tana Kaduna, Majalisa kuma tana Abuja. Sai dai kusanci da ofis ba ya ƙara wa kowa maki ko ɗaya.

Hanyoyin karatun

Manyan hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ta kwalejin jinya. A da, makarantun jinya da ke haɗe da asibitoci sukan shirya jarrabawarsu ta shiga, su koyar shekara uku. Yanzu ana mayar da su kwalejoji masu ba da difloma ta ƙasa da babbar difloma, wato ND da HND, karatun shekara huɗu ke nan, kuma ta hannun JAMB ake shiga. Gwamnatin Jihar Neja tana da makarantar jinya a Bida, da ta ungozoma a Minna. Wanda zai je Bida daga Diko zai bi hanyar Minna har Lambata, sa'an nan ya ratse ta Lapai da Agaie. Akwai kuma makarantar jinya ta Babban Birnin Tarayya a Gwagwalada, wadda ake zuwa ta Zuba. Makarantun ungozoma na matakin farko mata suke ɗauka, amma aikin jinya na maza da mata ne.

Hanya ta biyu ita ce ta jami'a, inda ake yin shekara biyar a sami digiri, sa'an nan a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti kafin hidimar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara wannan digiri a Nijeriya a 1965. A Arewa ana yinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da wasu. Gasar jami'a ta fi zafi, domin jinya tana cikin fannonin da ake neman maki mai yawa, kusa da aikin likita da haɗa magunguna. Duk hanyar da aka bi, jarrabawar Majalisa ce ke mayar da mutum nas mai rajista.

Kiredit biyar

Nan ne asalin gasar take, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Majalisa ta shar'anta cewa mai neman shiga ya kasance yana da kiredit a darussa biyar: Turanci, da Lissafi, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fiziks. Kiredit shi ne daga A1 zuwa C6. Wanda ya sami D7 ko E8 ya tsira daga faɗuwa, amma bai cika sharaɗi ba. Ana kuma son kiredit ɗin su fito daga zama ɗaya ko biyu na jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB. Wato idan ɗaliba ta ci huɗu bana, ta ci na biyar baɗi, ana iya haɗa takardun biyu. Idan sai ta tattaro daga takardu uku, ba za a karɓa ba, kome kyawun makin.

Ku lura da abin da wannan sharaɗi yake nufi. Ranar da ɗalibi ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, aka tambaye shi ko ajin kimiyya yake so ko na adabi ko na kasuwanci, ranar nan ce ya fara neman gurbin jinya ko ya rufe wa kansa ƙofa, alhali shekarunsa ba su wuce goma sha huɗu ko sha biyar ba. Yara da yawa sukan zaɓi aji ne saboda can abokansu suke, ko don gudun Lissafi. Sai sun kai aji uku sha'awar jinya ta zo musu, su tarar ba su taɓa zama ajin Kemistiri ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasin da ya fi kayar da masu nema shi ne Fiziks. Ɗalibi yakan ce a ransa, ina ruwan nas da Fiziks? Sai ya ba Bayoloji duk ƙarfinsa. Amma na'urar awon hawan jini da matsin iska take aiki, ruwan da ake ƙara wa majinyaci kuma tsawon sandar da aka rataye shi yana shafar gudunsa. Lissafi ma haka yake. Idan aka rubuta a ba yaro magani gwargwadon nauyinsa, nas ce za ta lissafa, kuskuren ɗigo ɗaya a rubutun lamba kuwa yana iya ninka magani sau goma.

A nan akwai wani rashin daidaito da bai kamata a ɓoye shi ba. Takardar jarrabawa iri ɗaya ce ga yaron da makarantarsa ke da ɗakin gwaje-gwaje cike da kaya da kuma wanda bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa. Sassauta sharaɗin ba zai yi wa majinyaci adalci ba, don haka gyaran yana wuyan masu kula da makarantun sakandare. Kafin a yi gyaran, ɗalibin da ya ga makarantarsa ba ta da malamin Fiziks ya nemi darasin yamma ko na hutu tun yana aji ɗaya, kada ya jira aji uku.

Jarrabawar JAMB da tacewar makaranta

Mataki na gaba shi ne jarrabawar share fagen shiga manyan makarantu. Ba a yin rajistarta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma ana son ɗalibi ya cika shekara 16 kafin a ba shi gurbi. Mai neman jinya zai zaɓi Turanci, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fiziks. Ku lura cewa babu Lissafi a nan, ko da yake dole ne a sami kiredit ɗinsa a sakandare. Wanda ya sa Lissafi a madadin Fiziks ya ɓata shekararsa tun a wurin rajista. Saboda haka kada ku bar ma'aikacin cibiyar rajista ya cika muku fom kuna waje kuna hira. Ku tsaya a kansa, ku karanta kome kafin ya aika.

Da kwamfuta ake yin jarrabawar. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Jimlar maki 400 ce. A 2024, kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 ba. A 2025 taron tsara manufofin ɗaukar ɗalibai ya sa 140 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga kwalejojin jinya, 150 kuma na jami'o'i. Kada wannan ya ruɗe ku. Wannan maki shi ne wanda ba a yarda makaranta ta sauka ƙasa da shi ba, amma tana da ikon ɗaga nata. A ce kwaleji tana da gurbi 100, mutum 2,000 suka nema. Ba za ta tambayi wa ya kai 140 ba. Jera su za ta yi daga sama zuwa ƙasa, ta ja layi inda gurabenta suka ƙare.

Bayan sakamako ya fito, makarantar da ɗalibi ya zaɓa takan sayar da nata fom, ta shirya tata jarrabawar tacewa. Yawanci wanda ya sa ta a zaɓin farko take dubawa. Kowace makaranta da yadda take haɗa maki. Wasu sukan raba makin JAMB da 8, su raba makin jarrabawarsu da 2, sa'an nan su haɗa. Mu ɗauki misalin ɗalibai biyu. Ta farko ta sami 280 a JAMB, ta sami 50 cikin 100 a tacewa: 35 da 25, jimla 60. Ta biyu ta sami 240 a JAMB, ta sami 70 a tacewa: 30 da 35, jimla 65. Ta biyu ta wuce ta farko, ko da yake ta farko ta fi ta da maki 40 a JAMB. Wannan ya sa wanda ya ajiye littafi ranar da ya ga sakamakon JAMB yakan sha mamaki.

Ba maki kaɗai ake dubawa ba. Jami'o'in Gwamnatin Tarayya sukan raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Jihar Neja tana cikinsu. Makarantun jiha kuwa 'yan asalin jihar suke fifitawa, ana kuma tabbatar da haka da takardar shaida daga ƙaramar hukuma. Wannan batu yana da nauyi a yankin Diko da Suleja, inda Gbagyi da Hausawa da Fulani da Nufawa da Yarbawa da Ibo da sauransu suke zaune tare. Yaron da aka haifa a nan, ya yi karatu a nan, amma iyayensa daga wata jiha suka zo, sau da yawa sai ya koma ƙaramar hukumar mahaifinsa kafin ya sami takardar. Ya kamata irin wannan ɗalibi ya auna tun da wuri inda takardarsa za ta fi yi masa amfani, ko da makarantar ta fi nisa da gida.

Ganawa

Makarantu da yawa sukan kira waɗanda suka haye tacewa domin ganawa ido da ido. Ana zuwa da ainihin takardu: sakamakon sakandare, da na JAMB, da takardar haihuwa, da ta asali, da hotuna. Da Turanci ake yin ganawar, amma ga yadda wani ɓangarenta zai iya kasancewa idan aka mayar da shi Hausa:

Shugabar kwamiti: 'Yata, me ya sa kike son aikin jinya?

Ɗaliba: Ranki ya daɗe, na yi jinyar kakata wata biyu a asibiti. Na ga yadda nas take juya ta kowane lokaci don kada bayanta ya yi gyambo. Na tambaye ta dalili, ta bayyana mini. Tun daga ranar nake son in san irin abin da ta sani.

Shugabar kwamiti: To, idan majinyaci ya zage ki kina cikin yi masa aiki fa?

Ɗaliba: Zan yi haƙuri in gama aikin, ranki ya daɗe, sa'an nan in sanar da shugabar ɗaki.

Amsar farko ta fi ta wanda zai ce kawai yana son taimakon al'umma, domin kwamiti ya ji wannan jimla sau ɗari kafin azahar. Abin da suke nema shi ne natsuwa, da tsabta, da iya saurare, da amsa abin da aka tambaya. Idan aka tambaye ku harsunan da kuke ji, kada ku raina su. Nas da take jin Gbagyi da Hausa da Turanci tana iya jin koken tsohuwa daga bakinta ba tare da tafinta ba. Hausar da kuke koyo a wannan aji tana cikin kayan aikinku.

Idan makaranta ta zaɓi ɗalibi, takan aika sunansa ga JAMB ta tsarin da ake kira CAPS, wanda aka fara aiki da shi a 2017. Lalle ne ɗalibi ya tabbata an ɗora sakamakonsa na sakandare a can, ya kuma shiga da kansa ya karɓi gurbin cikin wa'adi. Duk gurbin da bai bi ta wannan tsari ba, JAMB ba ta san da shi ba. Wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sama muku gurbi ta bayan gida, ku tambaye shi ko sunanku zai fito a CAPS.

Bayan an sami takardar shiga

A gida akan yi murna, a dafa abinci, a sayi akwati. Amma saura mataki guda, kuma shi ne wanda iyaye da yawa ba su san da shi ba. Watannin farko a makarantar jinya, kimanin shida, lokacin gwaji ne, wanda ɗalibai suke kira PTS. Ana koyar da ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, da tushen aikin jinya, kamar gyaran gado, da awon zafin jiki, da ƙirga bugun jijiya. Karatun yana da yawa, lokaci kuma kaɗan ne. A ƙarshe akan yi jarrabawa. Wasu makarantu sukan ɗauki ɗalibai fiye da adadin da Majalisa ta yanke musu, da niyyar wannan jarrabawa ta rage su. Wanda ya faɗi yakan koma gida bayan ya biya kuɗin makaranta ya ɗinka farin kaya.

Waɗanda suka haye su ne makaranta take aika sunayensu ga Majalisa domin a sa su cikin kundinta, a ba kowa lambarsa. Wannan lamba ita ce gurbin na haƙiƙa, domin wanda ba shi da ita ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, wanda bai zauna ba kuwa ba shi da lasisi. A wannan mataki akan sake tantance sakamakon sakandare daga hukumar da ta ba da shi, a kuma gwada sunaye. Idan takardar WAEC ta ce Maryamu, ta NIN ta ce Mary, ta haihuwa kuma ta kawo wata shekara dabam, aiki ya tsaya sai an gyara, gyaran kuwa yana cin kuɗi da watanni. Abu ne ƙarami da ɗalibi zai iya dubawa yau: ya jera takardunsa a kan tebur, ya ga ko sunansa, da jerin sunayen, da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a cikinsu duka.

Ganin wahalar waɗannan matakai ne ya buɗe kasuwar masu yaudara. Akwai wuraren da ke kafa allo su ce suna koyar da jinya, ba su neman Fiziks, ba su neman JAMB, kuɗinsu kuma da sauƙi. Akwai kuma ƙananan asibitoci masu ɗaukar yara su koya musu allura na shekara ɗaya ko biyu, su ba su farin kaya da takarda. Majalisa ba ta san da wannan takarda ba, kuma doka ta hana wanda ba shi da rajista ya kira kansa nas. Araha ba ta ado. Majalisa tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, duba shi kuma ba ya ɗaukar minti goma. A duba kafin a sayi fom.

Wanda bai samu ba a karon farko yana da zaɓi. Yana iya sake zama jarrabawar darasin da ya kayar da shi, muddin takardunsa ba za su wuce biyu ba. Yana iya sake JAMB, domin sakamakonta na shekara ɗaya ne. Akwai kuma shirin jinya da ungozoma na al'umma, wanda ya fi gajarta, ana ɗaukar ɗalibai ta hannun ƙananan hukumomi domin su koma su yi aiki a yankunansu. Akwai kwalejojin kimiyyar lafiya, kamar ta Minna, masu horar da jami'an lafiyar al'umma. Aiki ne mai daraja, amma wata hukuma ce dabam take ba da lasisinsa, kuma ba ya mayar da mutum nas. Mai shiga ya san abin da ya shiga.

Ma'anar Kalmomi

gurbi: wurin da aka tanada domin mutum ɗaya a makaranta ko a aiki
mararraba: inda hanyoyi suka rabu
majinyaci: marar lafiya da ake kula da shi
ƙayyade: sa iyaka ga yawan abu
manhaja: tsarin abin da za a koyar
sharaɗi: abin da dole a cika kafin a sami wani abu
tacewa: fitar da waɗanda suka fi daga cikin masu yawa
cancanta: dacewa da abu saboda ƙoƙarin mutum
tafinta: mai mayar da magana daga wani harshe zuwa wani
wa'adi: lokacin da aka yanke domin a gama wani abu

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa masu bincike suke dubawa kafin Majalisa ta yanke wa makaranta adadin ɗalibai?
2. Kawo darussa biyar da ake neman kiredit a cikinsu. Wanne ne daga cikinsu ba a zaɓa a jarrabawar JAMB?
3. Me ake nufi da zama biyu?
4. Wani ɗalibi ya sami 256 a JAMB, ya sami 64 a jarrabawar tacewa. Lissafa jimlar makinsa bisa hanyar da aka nuna a darasin.
5. Don me marubucin ya ce takardar shiga makaranta ba ita ce gurbin na haƙiƙa ba?
6. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana, ka sa kowanne cikin jimla taka: ba a fafe gora ranar tafiya, araha ba ta ado.

Aikin Aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama shugaban kwamiti, ɗaya ya zama mai neman gurbi. Ku yi ganawa ta minti uku da Hausa, kuna amfani da kalmomin girmamawa da suka dace, sa'an nan ku sauya matsayi.

Jinga

Rubuta wasiƙa ta layi goma sha biyar zuwa ga ƙanwarka ko ƙaninka da zai shiga aji ɗaya na babbar sakandare, wanda yake son zama nas. Ka bayyana masa ajin da zai zaɓa da takardun da ya kamata ya fara adanawa.